Tsagar Ƙirjin Malam

Mijina yana da jaki a ƙirji. Shi ya raɗa masa wannan suna, ba ni ba. Wata 'yar na'ura ce da ba ta fi kwalin ashana girma ba, likitoci suka dasa masa ita a ƙarƙashin fata, ƙasa kaɗan da ƙashin wuya ta hagu, bayan zuciyarsa ta koyi wani irin gudu na rashin hankali. In ta ɗauki gudun nan ta ƙi tsayawa, sai na'urar ta sakar mata lantarki ta dawo da ita hanya. Likita ta ce abin ceton rai ne. Malam ya ce shi dai abin da ya sani harbi ne irin na jaki, kuma jakin ba ya sallama kafin ya yi.

Malam nake ce masa tun aurenmu a Kano. Ban taɓa kama sunansa ba, kuma ba a New York zan fara ba. Shekara da shekaru yana tuƙin tasi a garin nan, har jakin ya raba shi da sitiyari, don ba a barin mai irin ciwonsa ya ɗauki fasinja. Sai ya dawo ya tare min a gida a Parkchester, ya naɗa kansa mai duba aikin kicin. Mutumin da bai san inda gishiri yake ba, shi ne yanzu yake leƙa tukunya yana cewa kamar albasar ta yi yawa. Na sha cewa da Allah ya ba shi lafiya, ko don in samu in sarara.

Abin ya daina ba ni dariya ranar kankana. Lokacin zafi ne, 'yarmu ta fari tana da tsohon ciki, muka shiga wani shagon kayan marmari kusa da tashar jirgin ƙasa mai lamba shida. Malam ya bi kankanar nan ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa yana kara kunne, wai shi ya san mai zaƙi. Ya zaɓi wata ƙatuwa, ya rungume ta a ƙirji da hannu biyu, muka nufi wurin biya. Sai kawai na ji ya yi wata ƙara, kankana ta yi sama, shi ya zube a kan gwiwa. Da na ɗago shi, ba ni yake kallo ba, ba kuma mai shagon da ke tambaya ko a kira motar asibiti ba. Kankanar yake kallo, ta tarwatse a ƙasa, jan cikinta ya watsu har ƙarƙashin kantar shagon. Har muka dawo daga asibiti ranar bai yi min gardamar komai ba, abin da ban saba gani ba.

Daga ranar ya daina ɗaukar duk wani abu mai fashewa. Shayi ma a kofin roba yake sha.

Da 'yarmu ta haihu, aka samu namiji. Mijinta ɗan Zango ne na Gana, yaron kirki, sai dai Hausarsa har yau "kai" yake ce min, na gaji da gyara na haƙura. A gidansu a Morrisania aka yi suna. Mutanen Zango ba sa yin taro a hankali: ga shinkafa da wake irin tasu, ga yaji mai sa hawaye, ga mata kowace na magana da ƙarfi kamar ana gardama alhali gaisawa ake yi. Da liman ya faɗi sunan jariri, sai falo ya ɗauki kabbara. Surukinmu ya yi wa Malam takwara. Shi ke nan, ni ma aka rufe min baki, sunan jikan nawa ya zama wanda ba zan iya kamawa ba. Takwara muke ce masa har yau.

Wata gwaggon surukin ta naɗo yaron a farin tawul ta nufo Malam.

"Alhaji, karɓi takwaranka ka sa mai albarka!"

Ina kallo Malam ya mai da hannuwansa biyu baya ya harɗe su. Ya sunkuyo ya tofa wa yaron addu'a daga sama, sannan ya ce, "Wannan ɓarawon? Bai gama buɗe ido ba ya ƙwace min suna. Gobe kuma mata zai ƙwace min."

Aka kwashe da dariya, aka ce wasan kaka da jika ya fara da wuri. Ni ban yi dariya ba. Na san abin da yake gani a cikin tawul ɗin nan, kuma tausayinsa ya kama ni har na kasa cin abinci.

Wata ya bi wata, yaro yana girma, Malam bai taɓa ɗaukarsa ba. Zai yi masa wasa daga nesa, ya kaɗa masa carbi, ya zage shi zagin kaka, amma hannu yana baya. Na ce ya zauna a kujera in ɗora masa, ya ce in ya sume fa ya danne shi? 'Yarmu ta fara shan jinin jikinta. Ita da Turanci take min magana ina ba ta amsa da Hausa, haka muke tun tana firamare. Wata rana ta tsare ni a kicin ta tambaya ko babanta har yanzu bai yafe mata auren ɗan Gana ba ne. Na zaunar da ita na ba ta labarin kankana. Ta yi kuka, ni kuma na ji haushin Malam, na ji haushin jakin, na rasa wanda zan fara yi wa faɗa.

Bayan abin kankanar an yi masa aiki sau ɗaya. Ta jijiyar matsematsinsa aka zura wata siririyar waya har cikin zuciya, aka ƙona wuraren da ake zargin su ke tayar da gudun. Muka samu sauƙi na ɗan lokaci, har ya fara maganar komawa kofin tangaran, sai jakin ya sake harbi yana tsaka da alwala. Muka koma wurin likitarsa, mu uku da 'yarmu.

Likitar wata 'yar firit ce mai takalmin gudu, in ka gan ta a hanya sai ka ce ɗaliba. Ta ce ta gano inda matsalar take: ba a bangon ciki ba ne, a bayan zuciyar ne, ta waje. Na ce wa Malam ashe cikin tukunya ake ta kankarewa alhali baƙin yana gindi. Ya ce in rufa masa asiri da maganar kicin.

Ta ce zuciya a cikin wata jaka take zaune. Wannan kam ban buƙaci bayani ba, duk matar da ta taɓa gyara kayan cikin ragon layya ta san farar jakar nan. Tsakanin jakar da zuciya akwai ɗan wuri da bai kai a kira shi wuri ba, ɗan ruwa ne kawai mai sa su zame wa juna. To nan take son shiga. Za ta soka doguwar allura daga ƙarƙashin ƙashin ƙirji, ta bi a hankali tana kallon hoto, ta huda jakar ta tsaya cak, ba tare da ta taɓa zuciyar ba, ita kuwa zuciyar tana ta bugawa abinta. Daga nan ta zura waya ta bi bayan zuciyar ta nemo wurin ta ƙona. Ba ta ɓoye mana ba, ta ce allurar tana iya wuce iyaka, ga kuma hanta a kusa, shi ya sa ba kowa ake yi wa ba.

Sai ta tambaye shi ko an taɓa buɗe masa ƙirji, ko ya taɓa doguwar jinya ta tari ko ciwon ƙirji. Malam ya gyara zama ya ce shi kafin zuwan jaki ko maganin ciwon kai bai sani ba. Ta ce ya ɗaga riga ta nuna masa inda allurar za ta shiga. Ya ɗaga, ta kai yatsa ƙasan ƙahon zuciyarsa, sai ta tsaya. Ta matso da fitila.

Tsaga ce, 'yan gajeru, jere reras layi bisa layi, sun dushe sun saje da fata. Na san da su tun daren farko, ban taɓa tambaya ba. Wa zai tambaya? Sa'o'inmu kowa da tasa a wani wuri.

"Aikin wanzami ne," in ji Malam, yana sauke riga.

'Yarmu ta yi ta fama da bayanin wanzami da Turanci, mai aski ne amma kuma ba mai aski kawai ba. Likitar ta saurara sosai. Ta ce tsagar ba ta dame ta ba, a fata ta tsaya. Abin da take son sani shi ne ciwon da aka yi tsagar dominsa. Akwai ciwon ƙirji da in ya kama yaro yakan kumbura jakar nan, in ta warke sai ta manne da zuciya, kuma hoto ba kullum yake nunawa ba. In ta manne, allura ba ta da wurin tsayawa, sai dai a kira mai fiɗa ya yanka. Tana so ta san abin da za ta tarar.

Malam bai sani ba. Yana ƙarami sosai aka yi, iyaye kuma sun rasu. Mutum ɗaya ta rage a duniya da za ta iya sani, babbar yayarsu da ke Kano.

A nan gizo yake saƙar, domin a gida babu wanda ya san Malam ba shi da lafiya. Duk kiran da za a yi, lafiya lau, sai sanyi, sai aiki. A wurin mutanen Kano har lokacin yana tuƙin tasi. Haka muke yi mu mazauna nesa: ba a aika wa gida labarin ciwo sai an warke, a ba da shi a matsayin labarin dariya. Su ma haka suke mana, sai an yi bakwai ka ji rasuwa.

Muna hawa jirgin ƙasa za mu koma gida ya ce ba za a gaya wa Yaya ba, tana da hawan jini.

Na ce, "To sai mu ce wa likita ta shiga da lalube, don kada hankalin Yaya ya tashi?"

Ya yi kunnen uwar shegu da ni har muka sauka. Washegari ya zo da dabara: ni in kira ta, in sako maganar tsagar cikin hira kamar ba komai ba. Na ce Yaya ce fa. Ya ce ai ta tsufa.

Na kira ta da hantsi, su can yamma ta yi. Kiran bidiyo ne, amma Yaya ba ta taɓa yarda waya ta ga fuskarta duka ba, goshinta kawai nake gani da fankar silin. Muka gaisa. Ta tambayi 'yarmu, ta tambayi Takwara, ta tambayi surukin da mutanen Gana baki ɗaya, ta ba ni labarin wanda ya yi aure da wanda ya rushe katanga. Malam yana laɓe a bakin ƙofar ɗaki yana min alama da hannu in shiga magana.

Na ce, "Af, Yaya, jiya muna hira nake cewa, wai tsagar nan ta ƙirjin Malam, ta mece ce ma?"

Fanka ta yi ta juyawa. Can sai goshin ya sauko, na ga ido ɗaya.

"Ke yanzu da jika a hannu kika ga tsagar? Me ya same shi? Ba ni shi."

Malam ya shiga kaɗa hannu yana nuna wai ya fita. Ni kuwa na gaji. Na juya wayar na saita shi, yana tsaye da singileti da hannu a sama.

Ta wanke shi tas. Ta ce ita ya mayar baƙuwa, ita da ta goya shi? Ta ce in ya mutu a can, ta bakin wa za ta ji, ta bakin Bature? Malam mai furfura, mai duba tukwanen mutane, ya zauna a bakin kujera yana "Ki yi haƙuri, Yaya" kamar ɗan makaranta. Da ta sauke, ya gaya mata komai, jaki da tasi da allura. Ban zaci zai kai ga kankana ba, amma ya kai, har da takwaran da bai taɓa ɗauka ba.

Sai Yaya ta ce, "Kai ba ka yi ciwon komai ba. Kai da kake cin tuwon mutum biyu? Wanda kake bi ne ba shi da lafiya, ya yi ta tari har ya rame. Aka kira wanzami ya yi masa. Inna ta ce tunda ga shi ya zo, a yi wa ƙaramin ma, kada ciwon ya tsallako. Shi bai ga ƙarshen damina ba, Allah ya jiƙansa. Kai kuwa ko mura ba ka yi ba."

Malam ya ce ba ya ma tuna fuskarsa.

"Ina za ka tuna? Ni na riƙe ka ranar. Ni ma yarinya ce, tsoro ya cika ni. Na zauna a ƙasa na miƙe ƙafa na ɗora ka, kana ihu kana shure-shure, har cizo ka gantsara min. Na yar da kai? Mutum in yana tsoro ƙasa yake zama ya riƙe abinsa, sakarai."

Ya yi dariya, amma sai da ya share ido da bakin singileti.

Muka kai wa likita labari. Ta yi 'yan gwaje-gwajenta saboda tarin ɗan'uwan nasa, ta ce ba ta ga abin tsoro ba, za ta shiga da allura, amma mai fiɗa zai kasance a kusa ko da wani abu.

Ranar aikin, sirrin da Malam ya yi shekaru yana ɓoyo ya riga ya zaga Kano. An yi sauka, an yi sadakar ƙosai, mutanen da ban san suna da lambata ba suna ta kira. Surukinmu ya zo da kulolin abinci kamar za mu kwana a daji, yana ce min, "Mama, kai ci abinci, Allah na nan." Yaya kuwa kira take bayan kira, goshi da fanka, "An fito?" Ina amsa mata da fara'a, amma carbin hannuna ya jiƙe da gumi. Duk sanda na rufe ido, bakin allurar nan nake gani kusa da abin da ba ya tsayawa wuri ɗaya. Tsoro na ji irin wanda ban taɓa ji ba.

Da la'asar sakaliya likitar ta fito da hular leda a kanta. Ta ce jakar ba ta manne ko'ina ba, allura ta shiga lafiya, ta tarar da wurin a bayan zuciyar inda ta zata, ta ƙona shi. Ta ce a gaida mata Yaya. Ban san sanda na rungume ta ba, 'yar mitsitsiya da ita, har ƙafarta ta kusa barin ƙasa.

An bar masa wani siririn bututu a wurin zuwa washegari. Ƙirjin ya yi masa ciwo na 'yan kwanaki, ba ya jin daɗi sai ya zauna ya ranƙwafo gaba kamar mai sauraron rediyo. Da aka cire bandeji na duba, ɗan ɗigo ne guda a ƙarƙashin tsoffin layukan. Malam ya ce duk kayan aikinta, wanzamin Kano ya fi ta barin shaida.

Likitar ba ta yi mana alkawarin komai ba, ta ce jakin zai zauna a matsayin mai gadi. Amma sanyi ya wuce, zafi ya shigo, bai yi harbi ba. Duk zuwan da muka yi aka duba na'urar, sai a ce shiru. Malam ya koma kofin tangaran. Ya fara ɗauko min ƙwai daga shago. Takwara ya iya zama, ya fara rarrafe, ya fitar da haƙora. Amma da an miƙo shi, hannun Malam sai ya koma baya, sai ya ce a bari a ƙara ganin likita tukuna. Na yi lallashi, na yi gori, na haɗa shi da Yaya, duk a banza. Na lura 'yarmu ta daina miƙa masa yaron ma, kuma wannan ya fi komai ci min rai.

Wata Asabar 'yarmu ta kawo mana Takwara ta tafi unguwa. Malam ya idar da la'asar, yana zaune a kan darduma a tsakar falo, ya miƙe ƙafa yana jan carbi. Na fito daga ɗaki da yaron a kafaɗa, na gan shi a ƙasa haka, maganar Yaya ta faɗo min. Ban tsaya shawara da kowa ba.

"Wayyo, miyata!" na ce da ƙarfi. Na dire masa yaron a cinya na ruga kicin.

Babu komai a kan wuta. Na ɗauki ludayi na shiga buga shi a cikin tukunyar da ba komai a ciki.

"Ke! Zo ki ɗauke shi!"

Na ƙara buga tukunya.

"Ba kya ji ne? Zo ki ɗauke shi, na ce!"

Na buɗe famfo ya yi ta zuba. Ina addu'a a zuci, ina cewa jakin nan in ka yi harbi yau ni da kai ne. Ban sake jin kira ba. Na kashe famfon, na leƙo ta gefen firji.

Yana nan zaune, ya sandare kamar ya haɗiyi taɓarya, hannuwansa biyu sun zagaye yaron ba su taɓa shi sosai ba. Takwara ya kama gaban rigarsa ya miƙe tsaye a kan cinyarsa, ya kai hannu ya fizge hular. Sai na ga hannuwan sun rufe. Ya jawo shi ya manna a ƙirji, daidai gefen hagu, ya sa hanci a cikin gashin kansa.

"Ɓarawo," na ji yana cewa a hankali. "Ashe haka kake da nauyi."

Na koma ciki na yi kukana a kan tukunyar, na wanke fuska. Da na fito, bai tambaye ni miyar ba, bai kuma miƙo min yaron ba.